Duba Layi na 14

Kusan shekara guda na yi ina aiki da wani mutum ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma duk tsawon lokacin nan babu wanda ya kai shi ba ni haushi. Mu tara ne a rukunin, dukanmu 'yan sa kai, aikinmu tace darussan da ake sakawa a intanet kyauta domin ɗalibai. Mun haɗu ne a 2020, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, kowa ya koma gida ya kulle. Kowa da inda yake zaune, wani na shirin kwanciya wani yanzu gari ya waye masa. Abin da ya haɗa mu takardun Google Docs ne, sai taron Zoom sau ɗaya a mako, wanda yawancinmu ke kashe kyamara saboda intanet ba ta da ƙarfi.

Shi wannan bawan Allah, in ka miƙa masa shafi biyu sai ya dawo maka da su gefensu cike da gyara. Nan waƙafi ya yi yawa, can tazara biyu ce tsakanin kalmomi maimakon ɗaya. Saƙonsa kuwa ba ya wuce kalma huɗu: "Duba layi na 14." Ba sallama, ba sannu da aiki. Ni da na raba dare a kan shafukan nan, sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Tun a watan farko na yanke masa hukunci a raina: mai girman kai ne, neman laifin mutane kawai ya sa a gaba.

Daga baya na ci karo da wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa a 2005 a kan saƙon imel. Sun gano cewa mai rubutu yana ɗauka mai karatu zai gane ko da wasa yake ko da gaske, fiye da yadda mai karatun ke ganewa. Dalilin ba boyayye ba ne: kai da ka rubuta kana jin muryarka a kunnenka, shi kuwa baƙaƙe kawai suka isa gare shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To mu ina muka ga fuskar? Sai kowa ya ƙera wa ɗan'uwansa wata, ni kuma wadda na ƙera wa mutumin nan a murtuke take.

Ranar da wannan fuskar ta rushe, ba shiri aka yi ba. Na shiga taro da wuri, na tarar shi kaɗai ne a ciki, ya manta bai kashe makirufo ba. Wata 'yar ƙara nake ji, cak cak cak, da sauri. Don kada shirun ya yi yawa na ce, "Malam, wannan ƙarar fa?" Ya ɗan yi jim, sai ya kunna kyamara. Dattijo ne, gemu fari tas, da ɗan madubin nan na masu gyaran agogo maƙale a ido ɗaya. A gabansa farin ƙyalle ne a shimfiɗe, a kai ga agogon hannu an buɗe mata ciki, ga matsefata, ga wasu kusoshi a cikin murfin kwalba waɗanda da ƙyar na hango su.

Mutumin da ke yi mini rowar kalma ya yi minti ashirin bai tsaya ba. Ya ce tsohuwar agogon da ke gabansa tana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a daƙiƙa, kuma duk wannan bugun ya rataya ne a kan wani siririn ƙarfe mai kama da gashi. Ya ba ni labarin yadda kamfanin Seiko ya fito da agogon hannu mai batir da ɗan dutsen kwaz a ƙarshen 1969, yadda dutsen cikin irin waɗannan agogon ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, da yadda suka kusa binne sana'ar masu agogon da ake wanawa da hannu. Ya ce ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Sannan ya faɗi abin da har yau ban manta ba: "Ɗana, agogo ba ta da ƙaramin kuskure. In tana sauri da daƙiƙa 10 kullum, kafin wata ya ƙare ta ci maka minti 5."

Nan take layi na 14 ya faɗo mini a rai. Ashe da idon da yake duba cikin agogo yake duba shafina. Ni ba ni ne a gabansa ba, ƙurar ce.

Gyaransa bai ragu ko da ɗigo ba bayan wannan rana. Abin da ya canja shi ne yanzu ina karanta saƙonsa da muryarsa ta gaske, mai taushi, mai ɗan jan numfashi. Da muka saba na tambaye shi, "Baba, me ya sa ba ka gaisuwa a saƙo?" Mamaki ya yi. Ya ce shi a ganinsa duk wanda ya ba da lokacinsa kyauta, girmama shi shi ne kada a cinye masa lokacin da dogon zance. Wato abin da na ɗauka raini, shi a wurinsa ladabi ne. Kunya ta kama ni, don na sha kai ƙararsa wurin mai kula da rukunin.

Wannan ya sa na koma na duba sauran hukuncin da na yanke. Akwai wata 'yar'uwa da ta ƙi zuwa wani muhimmin taro ranar Litinin 21 ga Disamba 2020, ta ce tana da uzuri kawai. Na sa ta a layin marasa ɗaukar aiki da muhimmanci. Da na tambaye ta bayan watanni, ashe kallon taurari ne abin sonta. A yammacin ranar ne duniyoyin Mushtari da Zuhal, wato Jupiter da Saturn, suka kusanci juna a sararin sama fiye da kowane lokaci tun 1623, kuma ana ganinsu ne na ɗan lokaci bayan faɗuwar rana kafin su ɓace. Ta ce taro ana sake yi, wannan kuwa in ya wuce sai wani zamanin. Ban ce ta yi daidai da ta ɓoye dalilin ba, amma da na lura sai na ga ita ce ke ɗaukar ayyukan da kowa ke gudu, masu cin wata uku ba a ga ƙarshensu ba. Mai iya zaman jiran gajimare ya wuce ba ta jin tsoron dogon aiki.

Daga nan sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na kawo shawara kowa ya rubuta abubuwan da yake sha'awa a takarda ɗaya. Abin da ya fito: karatu, ƙwallo, tafiye-tafiye, karatu, karatu. Ko Baba "gyare-gyare" kawai ya rubuta. Takardar ta mutu a ranar. In ka ce wa mutum me kake so, amsar cike fom zai ba ka. Amma tambaye shi yadda aka yi ya fara, ko wane ne ya fi ba shi wuya, sai ka nemi wurin zama.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsada. Akwai wani matashi da na ji yana buga darar ces, wato dara irin ta Turawa, kullum. Na ce shi ke nan, mai hangen nesa ne, mai lissafin taku goma gaba, na matsa aka ɗora masa tsara jadawalin aikin wata shida. Jadawalin bai fito ba. Da muka zauna, ya yi dariya ya ce shi wasan gaggawa yake bugawa, mai minti 3 ga kowane ɗan wasa, inda hannu ke riga tunani. Ba abin da ya tsana kamar dogon shiri. A ba shi matsalar da ta taso yanzu, kafin ka juya ya warware ta. Sunan wasan na ji na gina masa hali, ban tambayi yadda yake buga shi ba. Abin da na yi wa Baba da saƙonsa shi na maimaita wa yaron nan da dararsa, sai dai wannan karon zaton alheri ne, kuma rukunin ya yi asarar makonni a kansa.

Ra'ayi kuma wani abu ne daban, don sanin abin da mutum ke so ba ya sa ku zama baki ɗaya. Ni da Baba mun yi hannun riga a kan batun biyan masu aiki. Shi ya tsaya a kan cewa ilimi kyauta ne, da zarar kuɗi ya shigo niyya ta gurɓace. Ni kuma na ga mutum uku cikin taranmu sun janye saboda gajiya da neman abin rufin asiri, don haka nake ganin in an samu tallafi a biya mutane. Mun yi musun nan ya fi a ƙirga. Da a shekarar farko ne, da na ce taurin kai ne irin na wanda bai san halin da wasu ke ciki ba. Yanzu na san ina magana ne da mutumin da zai shafe mako biyu a kan agogon da ba za ta taɓa mayar masa da wahalarsa ba, don kawai ya ji ta sake bugawa. Na san inda ra'ayin ya samo asali. Har gobe ban yarda da shi ba, shi ma bai matsa ko taku ɗaya ba, kuma batun yana nan a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa.

Akwai wata agogon aljihu da ta daɗe a kan farin ƙyallen nan, siririn ƙarfenta ya karye, ya yi ta neman irinsa bai samu ba. Duk taro sai na tambaye shi labarinta. Makon jiya saƙonsa ya shigo da asuba: "Duba layi na 6. Ƙarfen ya iso, gobe zan haɗa ta."