Darussan aikin raya madaci, kaɗanya da gawo a arewacin Kamaru

Wanda ya zaga gonakin kewayen Garwa zai ga kaɗanya da ɗorawa da madaci a tsaye, manya-manya, ya ce ai itace bai ƙare ba. Mu da ke aikin raya daji ƙarƙashin manyan muke dubawa. A gonaki da yawa za ka ƙirga tsofaffi goma ba ka ga ƙarami ɗaya da ya kai tsayin mutum ba. Garmar shanu ta yanke masu tsirowa, awaki sun cinye na gefen gona, wutar rani ta ƙarasa sauran. Ranar da tsofaffin suka faɗi babu mai gadonsu.

Matsin gatari ma bai ragu ba. Madobiya ta sha sara saboda katakonta da ake kaiwa ƙasar Sin, har aka sa ta tun farkon 2017 cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, a 2022 kuma aka ƙara madaci da kawo. Takarda tana iya rage fitar da katako ta tashar jirgin ruwa, amma tsiron da ke bakin kunyar auduga sai mai gona ne zai iya tsare shi.

Inda aka fi yin asara tun kafin a haƙa rami shi ne wajen iri, domin mutane suna yi wa kowane iri hukunci ɗaya. Irin gawo da ƙirya da bagaruwa ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi, yana iya kwana wata da watanni a ƙasa bai motsa ba. Ana tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a ciki, a bar shi ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a sake masa. In irin kaɗan ne, a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon da saiwa ke fitowa. Irin gawon da aka tsince a turken awaki ya riga ya sha wannan gyara a cikinsu. Kawo kuwa a cire masa jan abin nan da ke manne a gindin ƙwayar, sannan a ɓantare.

Kaɗanya akasin haka take, kuma ita ce aka fi zalunta. Ƙwayarta ba ta jure bushewa. In aka shanya ta kamar wadda za a yi man kaɗe da ita, ta mutu, ko da ido na ganinta lafiya. A tsince ta daga ƙasa a farkon damina, a cire naman, a binne ta cikin mako guda, zurfin kamar santimita 5, kuma gara a wurin da ake son ta zauna har abada. Saiwa take fara turawa ƙasa, ganyen sai daga baya, wani lokaci bayan watanni. Da yawa sun tone ramin suna cewa irin ya ruɓe, suka karya saiwar da hannunsu. A kafa turke a wurin, a yi haƙuri. Kaɗanyar da ta tsiro daga ƙwaya tana kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa duk ƙaramar da aka tarar ta tsiro da kanta a gona ta fi ƙarfin a bar wa garma.

Irin madaci shi ma ba ya ajiyuwa a ɗaki mai zafi. A tsinko ƙwallon a bishiya da zarar ya fara tsagewa, a shuka cikin makonni kaɗan, ba ya bukatar jiƙo. Kuma kada a cika buhu daga uwa ɗaya don ita ce kusa da hanya. A tattara daga iyaye 20 ko 30 masu nisa da juna, domin zuriyar uwa ɗaya cuta ɗaya ke kwashe ta.

A lambun reno, laifin da ya fi yawa ba ya bayyana sai bayan shekara biyu ko uku. Itatuwan sahel saiwar tsakiya suke fara yi, doguwa, tana neman ruwa. In tsiron ya daɗe a leda, saiwar ta kai ƙasan ledar ta nannaɗe, ko ta huda ta shige ƙasa a tsinke ta ranar ɗauka. Irin wannan tsiron yana yin kore a damina ta farko, kowa ya yi murna, sannan ya tsaya cak ko iska ta kwantar da shi. Don haka gawo da dakwara kada su wuce wata 3 zuwa 4 a leda: a shuka a Maris ko Afrilu, a dasa a Yuli. Kowane mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri. Ranar dashe a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi, kamar santimita 2, a tafi da saiwar da ta lanƙwashe, a cire ledar gaba ɗaya. Ramin ya kai santimita 40 faɗi da zurfi, a haƙa shi tun kafin ruwa ya zauna. Dashen ƙarshen Agusta, wanda ake yi don a jira baƙi su zo biki, yawancinsa ba ya ganin bazara.

Madaci yana da tasa matsalar: wata tsutsa tana huda kan tsiron, sai ya yi rassa barkatai maimakon ya miƙe. In aka jera shi shi kaɗai a fili tsutsar ta samu gari. A warwatsa shi cikin marke da kalgo da sauran itatuwa, inda zai samu ɗan inuwa yana ƙarami.

Duk da wannan, a ganina lambun reno na irin da iyayensa suka ƙare a yanki ne. Inda kututture ke da rai a ƙasa, renon tohonsa ya fi dashe sauƙi da tabbas, don saiwar ta riga ta kai ga ruwa. A kututture a zaɓi toho ɗaya zuwa uku mafi miƙewa, a cire sauran, a sassabe rassan ƙasa har rabin tsayi. A yi yankan daga ƙasa zuwa sama da wuƙa mai kaifi, don kada ɓawon ya yage gara ta samu ƙofa. A shafa fenti ko a ɗaura tsumma don mai riƙe da garma ya gani. An gwada wannan a ƙasar auduga a shekarun 1990, lokacin da shirin raya karkara na DPGT tare da kamfanin auduga na Sodecoton ya riƙa ba manomi sefa 100 a kan kowane ƙaramin gawo da ya tsare, ana biya cikin shekara uku. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun sa manomi ya fara kallon tsiron a matsayin nasa, kuma gawo ba ya gaba da shuka tunda da damina yake zubar da ganye.

A fako, irin wanda Fulanin yankin Diyamare, wajen Marwa, ke kira harde, dashe kai tsaye ɓarnar tsiro ne. Saman ƙasar ya daskare, ruwa yana gudu ba ya shiga. Sai an fara tare ruwan: a tona rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, layi na biyu ya toshe tazarar layi na farko. A zuba taki da karan dawa a ciki, gara ta zo ta huda ƙasar, a nan ita abokiyar aiki ce. A watsa irin gamba a kan kunyar, a fara da masu jure wuya kamar aduwa da dakwara. Madaci da tsamiya sai ƙasar ta yi laushi.

Fadamar Waza da Logon, can a arewacin ƙasar, ta nuna ƙarfin ruwa a wannan aiki. Bayan gina madatsar Maga a 1979 ambaliya ta ragu, ciyayi masu daɗewa suka ja baya, na shekara ɗaya suka mamaye, kiwo da kamun kifi suka lalace. A 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa, ambaliya ta koma kan kusan murabba'in kilomita 200, sai shinkafar daji da 'yan uwanta suka riƙa dawowa da kansu, ba tare da an dasa su ba.

Sauran aikin tsaro ne na rani uku na farko. A kewaye kowane tsiro da ƙayar magarya ko aduwa, a sabunta ta bayan kaka, a nome ciyawar da ke kewaye da shi kamar mita guda kafin Nuwamba don wuta ta wuce ta gefe. Makiyayi da ke sassaka kawo da madobiya da madaci a bazara don shanunsa ba zai daina ba, kuma yana da hujja, domin babu wani ɗanyen ganye a lokacin. Abin da za a zauna a daidaita da shi shi ne kada a taɓa kan bishiyar, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa, a kuma ware wasu iyaye da ba za a hau ba sam don su zubar da iri. Gonar aro ma sai an yi magana a gaban jauro ko lawan, wato masu sarautar ƙauyen, tun kafin a fara, a san wanda zai ci 'ya'yan itacen da wanda zai yanki reshe, domin mai aro yana tsoron a ce yana neman mallake gonar, shi kuma mai gona yana tsoron haka ɗin.