Ƙararrawar hayaƙi a gidan da ake turaren wuta

Takardar da ke zuwa cikin kwalin ƙararrawar hayaƙi don gidan Turawa aka rubuta ta: ƙofar shiga ɗaya, doguwar hanya a cikin gida, ɗakunan kwana a jere suna buɗewa cikinta. Shi ya sa take cewa a kafa na'urar a wannan hanyar, guda ɗaya ta tsare kowa. A Faransa, inda doka ta wajabta ta tun watan Maris na 2015, guda ɗaya a kowane gida ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Gidanmu na Birni a nan Damagaram kuwa zaure ne, sai tsakar gida, kowane ɗaki ƙofarsa na kallon sararin Allah. Hayaƙin da ya taso a ɗakin Hajiya ba shi da hanyar da zai bi ya iso nawa. Ko dai ya cika mata ɗaki, ko ya fita ta ƙofa iska ta yi gaba da shi. Don haka lissafina tun farko ya sha bamban da na takardar: duk ɗakin da ake rufe ƙofa a kwana, sai an ba shi tasa.

Hunturu ne ya sa ni wannan aiki. Daga Disamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda muke kwana: ƙofar ƙarfe a kulle, taga an toshe ta da tsumma saboda sanyi da ƙura, ga kaskon gawayi, ga maganin sauro na ci kusa da katifa. Hancin mai barci ba ya tashinsa, kuma akasarin waɗanda gobarar dare ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin wuta ta taɓa jikinsu. Kunne kaɗai ya rage, sai a nemo abin da zai yi masa ihu.

Ƙanena da ke Yamai na aika wa saƙo ya sayo, na kuma gindaya masa sharuɗɗa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗauke da ɗan ƙwayar sinadarin americium-241, wadda ke saurin jin wuta mai harshe, amma ƙaurin girki kaɗan ya isa ya sa ta kururuwa. Akwai kuma mai aiki da haske: a cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, ƙaramar fitila na haska shi, ido na gefe ba ya ganin komai har sai hayaƙi ya shiga ya watsa hasken ya faɗa masa. Wannan ta biyun ta fi jin wutar da ke ci a ɓoye, irin ta katifar soso da wayar lantarki, wato irin wutar da ke cin ɗakunanmu. Ita na ce ya sayo. Na ce ya duba bayanta ya ga alamar CE da lambar EN 14604, wato shaidar cewa ta cika ƙa'idar ingancin Turai, ya duba ranar da aka ƙera ta, domin shekara 10 ɗin da ake ba ta daga wannan ranar ake ƙirgawa, ba daga ranar saye ba. Na kuma ce lallai ta kasance mai maɓallin da ake dannawa ta yi shiru na ɗan lokaci. Wannan maɓalli daga baya shi ya raba gardama a gidan.

Kafawar ba wani aiki ba ne, kusa biyu ce masu zare da sukundireba. Zaɓen wurin ne ke cin lokaci. A ɗakina mai silin na sa ta kusan tsakiya, fiye da santimita 30 daga bango da ƙwan fitila, domin a lungun da bango ya haɗu da rufi iska ba ta motsi, hayaƙi na jinkirin isa can. Fanka ta tilasta mini matsar da ita kamar mita guda daga bakin fukafukanta, in ba haka ba iskar za ta riƙa kore hayaƙin. Ɗakin Hajiya soro ne na ƙasa, sai na ɗaure ta a cikin azara daga ƙasa, ban cusa ta a tsakanin azarori ba. Ɗakin samari ne ya ba ni tunani, kwano ne tsirara babu silin. Takardar tawa ta ce na'urar na aiki daidai har zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka, balle ƙarƙashin kwano da azahar. Ga shi kuma zafin da ke taruwa a saman yakan tare hayaƙi ya hana shi isa rufi. Sai na sauko da ita bangon ciki, wanda rana ba ta duka, kimanin santimita 30 ƙasa da rufin. Madafa ban sa mata ba. Tamu a buɗe take, ice da gawayi da gaz duk ana amfani da su, kuma ƙa'ida ita ce a nisanta na'urar da murhu aƙalla mita 3. Mai madafa rufaffiya akwai wata daban da ke jin zafi kawai, tana kuka idan ya kai wajen digiri 58.

Ranar da aka gama kowa ya fito kallo, na danna maɓallin gwaji, yara suka watse suna toshe kunne. Ƙarar decibel 85 ce daga nisan mita 3, a ɗakin ƙasa kuma ji kake kamar a cikin kanka take. Da magariba ta yi, uwargida ta ɗebo garwashi a kasko ta zuba turarenta kamar kullum, ba a jima ba gida ya ɗauka.

"Malam, wannan abin naka ko dai shi ko ni," in ji ta. "Ɗakin mace ba turare, ɗaki ne?"

Gaskiyarta, kuma ban ga dalilin ja da ita ba. Duk wanda ya ce wa matar Damagaram ta bar turaren wuta saboda wata na'ura, ya sani na'urar ce za ta bar gidan, kuma ba za a gaya masa ba. Wata rana zai ɗaga kai ya ga tana nan fes a silin, cikinta babu batir. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, mai aikin kariya daga gobara, ta ce kusan uku cikin biyar na mutanen da gobarar gida ke kashewa a can, a gidajen da babu ƙararrawa ne ko kuwa akwai amma ba ta aiki. Idan masu turaren kwalba suna cire batir saboda ƙaurin burodi, ina ga mu masu kasko da kabbasa.

Sulhu muka yi. Na tambaye ta kusurwar da take ajiye kaskon, na matsar da na'urar ɗaya ɓangaren ɗakin. Turaren tufafi, wanda shi ne mai hayaƙi sosai, ya koma rumfar ƙofar ɗaki. Na yanko sandar gora na jingine bayan ƙofa, idan ta yi kuka alhali an san turare ne, a miƙa sanda a danna, ta yi shiru na kusan minti 10, ta koma aikinta da kanta. Wani maƙwabcina ya kawo shawarar a riƙa ɗaura mata leda lokacin turare. Na ƙi. Maɓalli ba ya mantuwa, mai ɗaura leda kuwa mutum ne, baƙi za su yi sallama ya tashi, leda ta kwana uku a sama. Sharaɗi ɗaya na roƙa a gidan: batir ba ya fita sai da sabo a hannu. Turaren ma ya zo da nasa amfanin, domin maɓallin gwaji batir da ƙaho da kayan ciki yake dubawa, amma ranar da turare ya sa ta kuka ka tabbata hayaƙi na shiga cikinta. Ba sai an kai mata ashana ko kyandir ba, wannan narkar da robar kawai yake yi.

Ƙura ta fi turare naci. Idon da ke cikin na'urar bai san bambancin hayaƙi da ƙurar hunturu ba, duk abin da ya watsa haske a wurinsa ɗaya ne. Idan ta taru, ko dai ta riƙa kuka ba dalili, ko ta toshe ragar da hayaƙi ke bi. Takarda ta ce a share lokaci-lokaci, amma mai rubutun bai taɓa ganin Janairun Zinder ba, ranar da ake kunna fitilar mota da hantsi. Cikin hunturu duk sati biyu nake hawa kujera da sabon burushin fenti mai laushi in bi ramukan gefenta, sauran shekara sau ɗaya a wata. Ruwa ba ya taɓa ta, maganin fesa na sauro ma ba a fesa mata kai tsaye. Da damina ƙananan ƙwari da gizo-gizo ke neman mafaka a ciki, su ma suna sa ta kuka. Idan za a yi wa ɗaki fenti ko farar ƙasa, a sauke ta, a mayar ranar da aka gama.

Gwaji na haɗa shi da Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kowa ke gida. Batir kuma da share-sharen babbar Sallah nake canza shi, ko ya yi ƙorafi ko bai yi ba, tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11, ba za a taɓa makara ba. Batir mai volt 9 na alkaline nake nema, masu arhar nan na tebur ba sa jure zafinmu. Na fi son na'ura mai cin wannan batir ɗin mai kusurwa huɗu a kan mai cin ƙananan dogaye, saboda ba ya shiga tocila, ba ya shiga rimot, yara ba su da abin yi da shi. Akwai kuma mai batirin lithium a rufe wanda ke kai shekara 10, wanda ya samu ya huta. Idan batir ya yi rauni takan yi ɗan tsit sau ɗaya kusan kowane minti, yawanci da tsakar dare take farawa saboda sanyi na rage masa ƙarfi. Hajiya ta sa jikoki sun kwashe kayan ɗaki suna neman gyare kafin maganar ta iso kunnena.

"Hajiya, ba gyare ba ne, abincinta take nema," na ce mata. "In kun sake ji, ku aiko a kira ni ko da wane lokaci ne."

Ta ɗakin samari ce ta biya kuɗin sauran duka. Ɗan yayata ya sa hita a bokitin roba zai ɗumama ruwan wanka, aka ɗauke wuta, ya kwanta bai zare ta daga soket ba. Cikin dare wuta ta dawo. Ruwan ya ƙone, roba ta fara narkewa a kan tabarma. Kukan ya tashe ni daga can ƙetaren tsakar gida, na kashe wutar gidan daga mita, muka buga ƙofa har babbansu ya buɗe. Baƙin hayaƙi ya riga ya sauko rabin ɗaki, harshen wuta bai kai ga tashi ba. Ƙaramin cikinsu, da na'urar ke ihu a saman kansa, barcinsa yake yi, sai ɗaukarsa aka yi. An san yara da wannan, sau da yawa ƙarar ba ta tashinsu. Tun daga ranar na raba aiki, kowane babba ya san yaran da zai ɗauko. Makullin kowane ɗaki ya koma ƙusa ɗaya a gefen ƙofa, inda hannu zai same shi cikin duhu, domin tagoginmu duk ƙarfe ne, ƙofa ce kaɗai mafita. Lambar ƴan kwana-kwana, 18, na rubuta ta a bangon zaure, na kuma ajiye bokitin yashi, tunda lungunan Birni ba ko'ina mota ke shiga ba, ruwan famfo kuma kowa ya san halinsa a garin nan.

Akwai abin da ba ta iyawa, na kuma faɗa wa mutanen gida ƙarara don kada su saki jiki. Ba ta jin gaz idan tukunya na yoyo. Ba ta da amfani ga wanda ya ajiye jarkar fetur a ɗaki, wannan wutar ba ta jiran ƙararrawa. Ba ta kuma jin iskar carbon monoxide da gawayi da janareto ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Garwashin da ya ci ya yi ja ba ya hayaƙi, na'urar za ta yi shiru alhali ɗakin na cika da guba. Wannan tana da tata ƙararrawar daban, mai lamba EN 50291, na sa ƙanena ya nemo wa ɗakin Hajiya. Kafin ta iso, kaskon na ɗumama mata ɗaki daga magariba zuwa isha, sannan babbar jikarta ta fitar da shi tsakar gida kafin a rufe ƙofa.