Ranar da iska ta juya a Bentotene

Asubar yau iskar kudu ta kwanta, ta arewa ta taso da yayyafi. A ƙarshen Afrilu irin wannan yanayi ne ke zubo tsuntsaye masu ƙaura a Bentotene, ɗan tsibirin Italiya da tsawonsa bai kai kilomita 3 ba. Sun baro gaɓar Afirka da daddare, sun keta teku na kusan kilomita 500, iska ta tare su, sai su sauka duk inda suka ga ƙasa. Tun 1988 ake aikin sa musu zoben shaida a ƙafa a nan.

An buɗe ragar kama tsuntsaye kafin fitowar rana, kowace tsawonta mita 12, faɗin idonta milimita 16. Ƙa'ida a zaga su duk awa, amma yau duk rabin awa aka riƙa zagawa, domin tsuntsun da ya jiƙe a raga sanyi ne zai kashe shi. Da ruwa ya yi ƙarfi aka naɗe su gaba ɗaya. Wajen cirewa, a fara gano ɓangaren da ya shiga, a saki ƙafafu, sannan fukafukai, kai a ƙarshe. Wanda ya ja ta ɓangaren da ba shi ba ƙara cukuikuye shi zai yi. Kowane tsuntsu da jakarsa ta auduga.

Mafi yawan kamun yau bekafiko ne, ɗan ruwan toka mara ado, sai 'yan tsattsewa. Bayan an matse zobe, an tabbatar bakinsa ya haɗu ba giɓin da zare zai maƙale, sai a kwantar da shi rigingine a hura gashin ƙirji. Kitse yana bayyana rawaya a ƙarƙashin fata, ana ba shi maki daga 0 zuwa 8, tsokar ƙirji 0 zuwa 3. Yau sifili da ɗaya ne suka cika takarda, ƙashin ƙirji a tsaye kamar kaifin wuƙa. Bekafiko na iya haura giram 25 kafin ya shiga Sahara. Na yau wasu ba su kai 15 ba. Danginsu na masu cin ƙwari a bakin Tafkin Chadi suke tara kitsen, da 'ya'yan itacen asuwaki. Wanda ya galabaita sosai bai kamata a ɓata lokaci kan awonsa ba, ɗigon ruwan sukari a gefen baki, a sake shi. Da yawa goshinsu rawaya ne da garin fure, don ruwan fure suke fara sha, hanjinsu ya tsuke a hanya.

Da magariba tsuntsayen teku da ake kira berta suka taru a kan ruwa wajen ɗan tsibirin Santo Stefano da ke kusa. Ba sa hawa dutse sai duhu ya yi sosai, don haka kada a haska musu tocila. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, a kogon dutse, kuma ɓera ne babban abokin gabarsu.

Gobe an ce iskar kudu za ta dawo, raga za ta yi sauƙi.