Mako na Tara: Ni da San Maƙwabci da Gertie

'Yan uwa masu koyon zane mai motsi, kun ji ni shiru mako biyu. Ba lalaci ba ne, kunya ce. Na yi alkawarin nuna muku sa yana kwanciya cikin daƙiƙa huɗu, abin da ya fito kuwa ko ƙanena ɗan shekara bakwai sai da ya tambaye ni, “Yaya, kare ne?”

Ga yadda ta faru. Ina aiki da zane 12 a kowace daƙiƙa, wato kusan zane 49 ke nan. Na fara daga na ɗaya, na ɗora takarda a kai na zana na biyu, na ɗora wata na zana na uku, haka har ƙarshe. Kowane zane shi kaɗai ba laifi. Amma da na ɗauke su da waya na kunna, sai na ga san yana ƙanƙancewa a hankali, tozon ya narke, ƙahonnin suka koma kunnuwa. A kowace takarda ina rage ɗan abin da ido ba ya gani, kafin a kai ta talatin kuskuren ya taru ya zama wata dabba daban. Takarda 49 na ɓata, da fensir guda da rabi.

Cikin wannan takaicin na koma kallon finafinan Winsor McCay, Ba'amurken nan da ya rasu a 1934. Duk suna intanet kyauta, gajeru ne, ba za su cinye muku data ba.

McCay asalinsa mai zanen jarida ne. A 1905 ya fara Little Nemo in Slumberland a jaridar New York Herald, shafi guda cikakke mai launi kowace Lahadi, labarin yaron da ke mafarki ya farka a zanen ƙarshe. Yana kuma hawa dandamali yana zane da alli a gaban jama'a, don hannunsa akwai sauri. Shi da kansa ya ce ɗansa ne ya kawo gida irin ɗan littafin nan da ake karkaɗa shafukansa da babban yatsa hoto ya motsa, daga nan tunanin ya shige shi. Ba shi ne na farko ba, Émile Cohl na Faransa ya riga shi da fim ɗinsa na 1908. Amma mutanen Cohl 'yan sanduna ne, na McCay kuwa suna da jiki.

Fim ɗinsa na farko, na Nemo, ya fito a 1911, zane dubu huɗu a kan takarda mai shara-shara. Na biyu a 1912, labarin sauro ne mai hula da 'yar jaka, yana ta zuƙar jinin wani mai barci, cikinsa na kumbura yana rinjayarsa, har ya fashe saboda haɗama. Duk wanda ya kwana ba gidan sauro da damina zai ji daɗin ƙarshen nan. Ku lura da yadda cikin ke yin nauyi, sauron yana tangaɗi kafin ya iya tashi.

Wanda ya riƙe ni shi ne Gertie the Dinosaur na 1914. Wasu masu kallo sun zargi McCay da cewa hotunan gaske yake bi da alƙalami, sai ya zaɓi dabbar da ta ƙare a duniya tun kafin a yi ɗan Adam, wadda ba mai hotonta. Zane kusan dubu goma. A lokacin bai fara amfani da takardar roba mai garai-garai da ake ɗorawa kan zanen baya guda ɗaya ba, don haka duwatsu da bishiya da tafkin da ke bayan Gertie sai an sake zana su a kowace takarda. Wani matashi maƙwabcinsa, John Fitzsimmons, shi ya sha wannan wahalar. In kun ƙura ido za ku ga layukan duwatsun suna ɗan rawa. Ni dai rawar ba ta dame ni ba, har tana sa wurin ya zama kamar ana zafin rana.

A dandamali McCay ya fara nuna fim ɗin, a Chicago, cikin Fabrairun 1914. Yana tsaye gefen allo da bulala, yana ba ta umarni. Ta ɗaga ƙafa, ta rusuna, ta yi masa taurin kai, ya yi mata faɗa ta fashe da kuka. Ta jefa wata giwa mai gashi cikin tafki, ta shanye tafkin ƙarƙaf. A ƙarshe McCay ya zaga bayan allo, sai ga shi ya bayyana a cikin zanen, ta ɗauke shi suka tafi.

To, abin da ya shafe mu. McCay ba ya zane daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku yadda na yi. Yakan zana farkon motsi da ƙarshensa, sannan ya zana na tsakiya, sannan ya raba kowane rabi biyu, haka har giɓin ya cike. Kuma yana sa alama a kusurwar takardu don kowace ta zauna daidai kan 'yar uwarta. Na san malamai na yau duk haka suke koyarwa, na ma taɓa karantawa na wuce. Sai da kare ya fito mini na fahimta.

Na sake shiri. Na samo katako na kafa ƙusa biyu, na huda takardun duka da abin huda takarda na ofis, kowace ta shiga ƙusoshin. Gilashin tsohuwar taga na ɗora kan bulo biyu, tocila a ƙasa, don ana ɗauke mana wuta da daddare. Na zana na 1, sa a tsaye. Na zana na 49, sa a kwance, na ɗora su na tabbatar girman kai da tozo ɗaya ne. Sai na 25, sai 13 da 37. Girman bai ƙara gudu ba.

Amma wata matsalar ta ɓullo. San ya sauka ƙasa sumul kamar ana sauke buhu da igiya, ba nauyi ko kaɗan. Na raba tazarar daidai wa daida, shi ne laifin. Na koma wurin Gertie, na rage saurin bidiyon. Idan za ta ɗaga ƙafa, sai ta fara karkata nauyinta zuwa ɗaya gefen. Idan ta kwanta, ƙasa na lotsawa, haƙarƙarinta na hawa yana sauka. An ce McCay numfashin kansa ya auna don ya san tsawon nata.

Washegari da yamma na ɗauki kujera na je gidan maƙwabcinmu mai san kiwo, na zauna kusa da turke. Mai gidan ya fito ya ce, “Malam, saye za ka yi ne?” Na ce a'a, jira nake ya kwanta. Ya dube ni ya koma ciki. Na fi minti arba'in kafin san ya ga dama. Ashe ba gaba ɗaya yake sauka ba. Yakan sunkuyar da kai ya shinshina ƙasa, ya lanƙwasa ƙafar gaba ɗaya ya durƙusa, sai ɗayar, ya ɗan dakata a haka gindinsa a sama, sannan bayan ya faɗi yif, da sauri. Tozon kuma ba ya tsayawa tare da jiki, sai ya ƙara kaɗawa bayan komai ya lafa. In zai tashi, baya ne ke fara tashi.

Don haka zane na 25 ba rabin hanya ba ne tsakanin tsaye da kwance, durƙuson ne. Na ba shinshinar zane goma a cunkushe don ta yi jinkiri, dakatawar ta ci takwas, faɗuwar bayan kuwa zane huɗu kacal masu tazara. Na ƙara uku a ƙarshe saboda tozo. Ƙanena ya kalla ya ce, “Kai, ya gaji.” Ban taɓa jin yabo mai daɗin wannan ba.

McCay bai daɗe yana wasan Gertie ba. Mai gidansa William Randolph Hearst, mai kamfanin jaridu, wanda ya koma yi wa aiki a 1911, ya fi son ya zauna ya zana wa jarida, ya taƙaita masa hawa dandamali. Duk da haka ya yi The Sinking of the Lusitania a 1918, kan jirgin ruwan fasinja da jirgin yaƙin Jamus mai nutso ya nutsar a 1915. Zane dubu ashirin da biyar, wata ashirin da biyu, wannan karon da takardar roba. A ganina farfaganda ta yi masa yawa, amma hayaƙin da ke cikinsa abin kallo ne, kuma shi zan koma wa idan na zo koyon ƙura. Finafinansa na ƙarshe sun fito a 1921.

Har yanzu ƙafar bayan sana ta hagu tana zamewa tsakanin zane na 31 da na 34, kamar yana kan sumunti mai ruwa. Ina jin ramin takardun ne ya fara faɗi saboda yawan cirewa da mayarwa. Zan liƙa salatif a bakin ramukan in sake hudawa. Wanda ya san dabarar da ta fi wannan ya taimaka mini kafin Asabar, don ranar nake so in fara tashinsa.