Cokali guda na fitsari

Laraba, a Indiya

Yau kwana biyu ke nan da yi wa Auta aikin zuciya. Wata goma sha huɗu muna fama, in ya yi kuka sai leɓɓansa da harshensa su yi duhu, numfashi ya gagara. Likitoci suna kiran abin Tetralogy of Fallot, lahani huɗu a zuciya guda, ciki har da rami tsakanin ɗakunanta biyu na ƙasa da ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu. Na ɗauka da an gyara wannan mun huta.

Bayan asuba na wanke hannu, na sa takunkumi, na shiga wajensa. Ni idona na kan allon da ke nuna bugun zuciya, ma'aikaciyar jinya kuwa tana durƙushe a gefen gado tana auna abin da ya taru a robar fitsari. Duk awa take aunawa. Ta rubuta mililita 3, awa ta gaba ta rubuta 2. Nauyinsa kilo 8 ne, ana son rabin mililita a kowane kilo, don haka aƙalla mililita 4 ake so ya yi a awa. Ko cokalin shayi bai cika ba, amma shi ma ya gagara. Fatar idonsa ta kumbura, robar sunan da ke wuyan hannunsa ta fara nutsewa cikin nama.

Da hantsi likita ya zo da tafinta. Ya ce ƙoda ce ta jigata. Lokacin aikin an tsayar da zuciyar, inji ne ya riƙa tura jini a madadinta da huhu, ita kuwa ƙoda kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke fitarwa take karɓa, don haka da gudun jini ya sauya takan ji a jikinta, balle ta yaro ƙarami. Ya ce sinadarin kiriyatinin na jininsa, wani datti da ƙoda ke tacewa, ya hau, kuma yakan makara da kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna, shi ya sa suke tsare fitsarin. Sun rage ruwan da ake ƙara masa, sun sa masa Lasix, maganin da ke sa fitsari, suna sa ido kan fotasiyam, wani sinadarin jini da ƙoda ke rage yawansa, domin in ya yi yawa zuciyar da aka gyara zai taɓa. In abin bai sassauta ba, za su sa siririyar roba a cikinsa, a zuba ruwan magani ya jawo datti, a tsiyaye. Wankin ƙoda ke nan irin na ƙananan yara.

Da na ji "wankin ƙoda" ƙafafuna suka mutu. Ni 'yar Gashuwa ce. A garinmu wannan kalma ba a jin ta sai gida ya yi tsit, na ga waɗanda suka sayar da gona a kanta. Likitan ya lura, ya ce wannan daban ne, yawancin yara ƙodarsu kan farfaɗo cikin kwanaki. Sai dai ko mun koma gida a riƙa auna hawan jininsa da fitsarinsa, kuma kada na ba shi ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likita. Na tuna kwalbar da nake saya a kemis duk sanda jikinsa ya yi zafi.

Da la'asar na kira Hajiya, can gida ko azahar ba a yi ba. Ta ce, "Ke dai ki daure, 'yata, Allah da ya kai ku nan ba zai bar ku ba. Za mu yi sadaka." Ban iya ce mata komai ba sai amin.

Ƙarfe tara na dare ma'aikaciyar ta yafito ni, ta ɗaga robar saitin fitila. Ruwa ne fatsi-fatsi, mililita 6. Ta ce a jira awo na gaba tukuna. Na jawo kujera na zauna gindin gadon, carbi a hannu, ina ƙirga ɗigon da ke gangarowa ta cikin robar.