Haki ba tare da ciwo ba

Sati uku ina haki in na ɗauko kaya daga Babbar Kasuwar Sakkwato, ba tari, ba zazzaɓi. Na ɗora wa ƙurar hunturu laifi, har ranar da Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, tafinki ya yi fari fat."

Awon jini ya nuna ƙarancin jini ne. Yawan zubar jinin al'ada ya rage min sinadarin ƙarfe, ga shi jinin ne ke kai iska ko'ina a jiki, shi ya sa zuciyata ke ta dukan uku-uku. Likita ta ce fargaba, hayaƙin itace, asma ko ciwon zuciya ma kan jawo haka. Yanzu ina shan maganin, Inna kuma kullum sai ta dafa min zogale da hanta.