Layin da na goge ana saura kwana uku azumi

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin durowa da katin shiga ofis, bayan shekara huɗu da 'yan watanni. Yaran da suka karɓi aikina sun ce in rubuta musu abin da ya kamata su sani game da rumbun bayanan manhajar shaguna. Na rubuta musu na ofis, shafi shida, lami, ba gishiri ba yaji. Wannan kuwa shi ne abin da bai shiga can ba.

Duk wanda ya zauna ɗakinmu ya san SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, muke amfani da ita, saboda kwastomominmu ba su da intanet ɗin da za a dogara da shi. Ita ba ta da wata saba, wato babbar kwamfuta, da za ka kira daga nesa. A cikin manhajarka take zaune, bayanan shago gaba ɗaya kuma fayil guda ne. Tun ranar da na zo na tarar da sqlite3.c, wato kod ɗin SQLite kanta, a ma'ajiyar kod ɗinmu, ƙaton fayil mai layi sama da dubu ɗari biyu, ana haɗa shi tare da namu duk lokacin da za a fitar da manhaja. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka al'ada ce kawai ta waɗanda suka riga ni.

Ana saura kwana uku azumin 2021 Oga ya ce lallai sabon binciken kaya ya isa wani babban shagon kayan masarufi a kasuwar Singa kafin a ga wata. Na kunna FTS5, sashen SQLite mai binciken kalmomi, na sa a haɗa, sai abu ya tsaya cak da saƙo ɗaya: undefined reference to log. Na san FTS5 na buƙatar laburaren lissafi, don haka na ƙara -lm, alamar da ke kiransa, a layin umarnin haɗawa. Ya sake tsayawa, saƙon bai canza ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne a farkon layi na sa shi, alhali linka, mai ɗinke sassan manhaja wuri guda, daga hagu zuwa dama yake karatu, kuma laburaren da ya gamu da shi kafin a nuna masa mai buƙatarsa wuce shi yake yi. Matsar da haruffa uku zuwa ƙarshen layi, shi ke nan maganin. Amma ƙarfe sha ɗaya na dare ya wuce, man janareta ya kusa ƙarewa, maigadi ya leƙo sau biyu. Sai na cire sqlite3.c daga jerin abin da ake haɗawa, na rubuta -lsqlite3, wato manhaja ta ɗauki SQLite ɗin da ta tarar a kwamfutar da take kai. Nan take ta haɗu. Gwaji duka ya wuce. Na ce alhamdu lillahi, na hau babur.

Kwamfutata Ubuntu 20.04 ce, tana ɗauke da SQLite 3.31.1. Ta shagon Ubuntu 18.04 ce, tana ɗauke da 3.22.0. Sunan laburaren iri ɗaya ne a duka biyun, libsqlite3.so.0, saboda haka babu abin da ya yi ƙorafi. Manhaja ta buɗe, rasit na fita, kuɗi na shiga. Sai dai umarnin da ke rage adadin kaya a sito da ON CONFLICT DO UPDATE aka rubuta shi, wannan salo kuwa sai a 3.24.0 ya shigo, a watan Yunin 2018. Ita 3.22.0 ta Janairun shekarar ce. Tazarar da ba ta kai wata biyar ba, ita ta jefa mu.

Kwana tara ana ciniki irin na farkon azumi, sukari da madara da taliya na fita mota-mota, kwamfuta kuma na nuna sito cike yake. Da Alhaji mai shagon ya sa aka ƙirga, buhunan sukarin da ke ƙasa ba su kai rabin abin da allo ke faɗa ba. Bai kira mu ba, don a ganinsa inji ba ya ƙarya. Mai kula da sito ya kira, dattijon da ya fi shekara goma sha biyar a wurinsa, ya karɓe makulli a gaban yaran shago, ya ce ya zauna a gida sai an gama bincike. A cikin azumi.

Sai a kwana na goma sha ɗaya aka tura ni, wai in fitar da rahoton da za a kai wa 'yan sanda. Na zauna kan buhun shinkafa da kwamfutar a cinya, na ga a rumbun bayanai teburin ciniki cike, teburin kaya kuwa tun daren da na saka sabuwar manhaja bai motsa ba. Na kwafo umarnin na gwada shi da hannu. Amsa ta fito: near "ON": syntax error. Na tambayi sigar da ke aiki, ta ce 3.22.0. Gumi ya karyo mini, ga fanka na kaɗawa a kaina.

Na tashi na sami Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, babu buhu ko ɗaya da ya ɓata. Laifin daga wajenmu ne." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "To kai za ka je ka gaya masa da bakinka." Na je bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, ni na jawo maka." Ya ce, "Ɗana, ni na san ban ɗauka ba, Allah ma ya sani. Yaran nan da suka ga an karɓi makulli a hannuna, su wa zai goge musu?" Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba.

Laifina na ɗauka, ban yi musu ba. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. SQLite ba ta ɓoye komai ba: duk cinikin da aka yi a kwana taran nan sai da sqlite3_prepare_v2, wadda ke karɓar umarni ta shirya shi, ta mayar da lambar kuskure. Ɗan kod ɗin da ke tsakaninmu da ita ne yake karɓar lambar ya watsar, ba ya rubuta ta ko'ina, ba ya tsayar da ciniki. Da yana dubawa, da rasit na farko a safiyar farko ya tona komai, da Baba bai kwana ko ɗaya a gida ba. Na buɗe tarihin ma'ajiya don in ga wanda ya rubuta shi. Oga ne, tun kafin a ɗauke ni aiki. A taron Litinin ya yi minti ashirin yana bayani kan yaran zamani masu gaggawa, aka yanke mini rabin albashi ana shirin sallah. Na ce, "Yallaɓai, akwai kuma maganar duba lambar kuskure." Ya ce ba ita ake tattaunawa ba yau. Bayan mako biyu na gyara wurin, ya amince da gyaran ba tare da ya rubuta ko kalma ɗaya ba. Shawarata ga masu zuwa, kuma ba da kowa nake ba: ku karanta kod ɗin manya kamar yadda kuke karanta na 'yan koyo, amma ku san ranar da za ku buɗe baki.

Tun daga nan manhajar ba ta buɗewa sai ta tambayi sqlite3_libversion_number sigar da ke aiki, in ta ga ƙasa da 3024000, wato 3.24.0, ta ƙi tashi, ta faɗi dalili da Hausa. sqlite3.c ya koma wurinsa, kuma a kan irin tsohuwar kwamfutar kwastoma muke haɗawa. Shekara uku ke nan ba a sake kiran kowa ɓarawo saboda mu ba.

Sauran darussan ba su ci mutuncin kowa ba, lokaci kawai suka ci. LIKE, umarnin neman kalma, ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a haruffan Turanci, amma namu masu lanƙwasa ba ta san su ba. Ka nemi "ƙosai" ba za ta kawo maka "Ƙosai" ba, haka Ɗ da ɗ, haka Ɓ da ɓ. lower() ma, mai mayar da baƙaƙe ƙanana, barinsu take yadda suke. Mako guda na yi ina zargin allon madannai na wani shago kafin in gane, daga baya muka riƙa ajiye sunan kaya sau biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya da muka mayar ƙananan baƙaƙe da kanmu don bincike.

Kada ku kira gurbin lambar waya STRING. SQLite lamba take ɗaukarsa, ta cinye sifilin 080. TEXT ake rubutawa. Kada ku kwafe fayil ɗin rumbu manhaja na buɗe alhali ana kan WAL, tsarin da ke fara rubuta sabon bayani a wani fayil daban, cinikin baya-bayan nan yana cikin ɗan fayil na gefe. VACUUM INTO, mai fitar da cikakken kwafin rumbu, na nan tun 3.27.0. In kun ga database is locked, ku fara duba ko an sa lokacin jira kafin ku zargi faifai. PRAGMA foreign_keys, mai tsare alaƙar da ke tsakanin tebura, a kashe take zuwa, duk lokacin da manhaja ta buɗe rumbu sai an kunna. Rahoto in ya yi nauyi, EXPLAIN QUERY PLAN, mai nuna hanyar da SQLite ke bi ta nemo bayani, tukuna, gardama daga baya.

Ranar Laraba na biya ta Singa yin sallama. Baba na nan, makulli a aljihun gaba. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya saya bayan abin da ya faru, kuma buhu ba ya fita sai ya rubuta shi da biro kafin yaro ya danna kwamfuta. Na gaya masa na bar aiki. Ya yi mini addu'a, ya sa aka ba ni gwangwanin madara biyu, sannan ya tambaye ni ko wanda zai maye gurbina ya san hanyar gidansa.